Daga Kuala Lumpur zuwa Kano: Me magoya baya za su sa rai da shi idan ana sake gina ƙungiyar ƙwallon kwando?

Unguwar Wangsa Maju tana arewa maso gabashin Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. Unguwa ce ta dogayen gidajen bene da shaguna da ɗalibai, wadda aka fara ginawa a shekarun 1980. A layin jirgin ƙasa na Kelana Jaya, tasha biyu ce tsakaninta da Gombak, yankin da Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa take, inda 'yan Najeriya da dama suka yi karatu. Wanda ya hau jirgin ya nufi tsakiyar birni kuwa, bayan tasha 11 zai sauka a Pasar Seni, daga nan ya taka da ƙafa zuwa titin Hang Jebat, inda zauren wasa na MABA yake, wato zauren hukumar ƙwallon kwandon ƙasar.

A wannan zaure ne, cikin watan Maris na 2016, ƙungiyar Dragons ta birnin Kuala Lumpur ta doke Singapore Slingers a karawa ta biyar kuma ta ƙarshe, ta ɗaga kofin gasar ƙwallon kwando ta yankin Kudu maso Gabashin Asiya, wadda aka fi sani da ABL. Shi ne karo na farko da wata ƙungiya daga Malesiya ta ci wannan kofi.

Kafin shekarar ta ƙare, kocin da ya jagoranci nasarar ya tafi, fitattun 'yan wasan ma sun kama gabansu. Kaka uku a jere da suka biyo baya, Dragons ba ta ko kai ga zagayen fitar da gwani ba.

Duk mai goyon bayan ƙungiyar da ta taɓa shiga irin wannan hali ya san abin da shugabanni ke faɗa idan sabuwar kaka ta gabato: ana sake gini, a yi haƙuri. Sai dai haƙurin ba shi da ma'ana ɗaya a ko'ina. A Amurka akwai tsarin da aka kafa domin ya saka wa ƙungiyar da ta sha wuya. A Kuala Lumpur da Kano babu irinsa, saboda haka ma'aunin da magoya baya za su auna sabuwar kaka da shi ya sha bamban.

Me ake nufi da sake gina ƙungiya?

A harshen masu harkar wasanni, ana cewa ƙungiya tana sake gini idan ta amince cewa 'yan wasan da take da su ba za su iya cin kofi ba, ta rabu da manyansu, ta mayar da hankali kan matasa, tare da yarda cewa za ta sha kashi na wani lokaci kafin ta sake miƙewa.

Abin ya fi tasiri a ƙwallon kwando fiye da ƙwallon ƙafa, domin mutum biyar kacal kowace ƙungiya ke sakawa a fili a lokaci guda, kuma kowannensu yana kai hari yana kuma tsaron gida. Gwani ɗaya na iya sauya matsayin ƙungiya baki ɗaya, tafiyarsa ma haka.

Gasar NBA ta Amurka ce ta yayata wannan salo. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar, kowacce tana buga wasa 82 a kaka, kuma ko da ƙungiya ta zo ta ƙarshe, ba a mayar da ita ƙaramin rukuni. Masu bibiyar ƙwallon ƙafa a Najeriya sun san bambancin, tunda Kano Pillars ta ƙwallon ƙafa ta faɗa rukunin 'yan dagaji a 2022, sai a 2023 ta dawo. A NBA babu wannan fargaba.

Bugu da ƙari, a kowace shekara ana zaɓen sabbin matasan 'yan wasa daga jami'o'i da ƙasashen waje, kuma ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ne ke da damar fara zaɓe. Tun 1985 ake jefa ƙuri'ar sa'a domin fitar da waɗanda za su fara. A gyaran da ya fara aiki a 2019, an bai wa kowacce daga cikin ƙungiyoyi uku na can ƙasan teburi damar kashi 14 cikin 100 ta samun zaɓin farko. An yi gyaran ne domin rage ɗabi'ar shan kashi da gangan. Matashin da aka zaɓa kuma yana sa hannu kan kwantiragin da ke bai wa ƙungiyar ikon riƙe shi na shekaru.

Abin da wannan ke nufi ga mai goyon baya a Amurka shi ne, kakar da ƙungiyarsa ta yi ta shan kashi tana iya haifar da samun gwanin da zai ɗaga ta nan gaba.

Inda haƙuri ya yi rana da inda bai yi ba

Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Oklahoma City Thunder. A watan Yulin 2019 ƙungiyar ta yi musayar manyan taurarinta biyu, Paul George da Russell Westbrook, ta karɓi matashi Shai Gilgeous-Alexander da damarmakin zaɓe masu yawa na shekarun gaba. Ta ci wasa 22 kacal a kakar 2020-21, ta ci 24 a ta 2021-22. Daga nan adadin ya hau zuwa 40, ya kai 57, sannan 68 a kakar 2024-25, wadda ta ƙare da ɗaukar kofi a watan Yunin 2025 bayan doke Indiana Pacers a karawa ta bakwai. Koci Mark Daigneault, wanda aka naɗa a 2020, shi ne ya jagoranci ƙungiyar tun daga shekarun ƙunci har zuwa ranar ɗaga kofin.

Detroit Pistons kuwa ta sha kashi sau 28 a jere a kakar 2023-24, ta ƙare da nasara 14 cikin wasa 82. Bayan ta sauya koci ta kuma ƙaro 'yan wasa masu ƙwarewa a gefen Cade Cunningham, wanda ta zaɓa a matsayi na farko a 2021, sai ta ci wasa 44 a kakar da ta biyo baya.

Amma ba kowane mai haƙuri ne ya dafa dutse ba. Philadelphia 76ers, ƙarƙashin jagorancin Sam Hinkie daga 2013 zuwa 2016, ta rungumi shan kashi a matsayin dabara. Ta ci wasa 19, sannan 18, sannan 10. Ta samu Joel Embiid ɗan asalin Kamaru a zaɓen 2014, wanda rauni ya hana shi buga kaka biyu na farko, daga baya ya zama gwarzon gasar a 2023. Duk da haka, har zuwa 2025 ƙungiyar ba ta wuce zagaye na biyu na fitar da gwani ba tun da aka fara wannan shiri. Sacramento Kings ma ta yi kaka 16 a jere ba ta shiga zagayen ba, duk da cewa kusan kowace shekara tana cikin masu zaɓe da wuri, sai a 2023 ta karya wannan ƙofi.

Ke nan ko a inda tsarin ke taimakon mai rauni, sakamakon ya dogara ne da iya zaɓe, da iya raino, da kuma sa'ar lafiyar 'yan wasa.

Yadda Dragons ta kai ga kofi

An kafa gasar ABL a 2009, kuma attajirin Malesiya Tony Fernandes, mai kamfanin jiragen sama na AirAsia, yana cikin waɗanda suka assasa ta. Ƙungiyoyi shida ne suka buga kakar farko, daga Filifin da Indunusiya da Singafo da Tailan da Burunai da Malesiya, kuma Dragons ce ta wakilci Malesiya. Daga baya ta ɗauki sunan Westports Malaysia Dragons, saboda ɗaukar nauyin da kamfanin tashar jiragen ruwa na Westports ya yi mata. Ruben Gnanalingam na wannan kamfani yana cikin mamallakanta.

A Malesiya ƙwallon ƙafa da badminton ne suka fi farin jini. Ƙwallon kwando ya fi kafuwa a tsakanin 'yan ƙasar masu asali da Sin, waɗanda suka zarce kashi 20 cikin 100 na 'yan ƙasa, musamman ta hanyar makarantunsu. Saboda haka rumbun da ake ɗebo ƙwararrun 'yan wasa na gida bai kai na maƙwabciyarta Filifin ba, ƙasar da ƙwallon kwando ya zama wasan kowa da kowa.

Dokokin gasar sun cike wannan giɓi ta hanyar barin ƙungiyoyi su ɗauko baƙi iri biyu: waɗanda suka fito daga kowace ƙasa ta duniya, da kuma waɗanda ke da tsatso a yankin ko da an haife su a wata nahiya. Kocin Dragons, Ariel Vanguardia ɗan Filifin, ya ƙware wajen cin moriyar wannan dama. A 2014 ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe, inda ta sha kashi a hannun Hi-Tech Bangkok City ta Tailan.

A kakar 2015-16 ya haɗa baƙi huɗu. Akwai Amurkawa biyu masu tsawo da ƙarfi, Reggie Johnson da Calvin Godfrey. Akwai Matthew Wright, haifaffen Kanada mai tsatson Filifin, gwanin jifa daga nesa. Sai Jason Brickman, mai raba ƙwallo, wanda tun yana jami'a a Amurka ya shiga sahun 'yan ƙalilan da suka miƙa ƙwallon da aka ci fiye da sau 1,000. Brickman ne aka zaɓa gwarzon wasannin ƙarshe lokacin da aka doke Slingers da ci 3 da 2.

Abin da ya biyo bayan kofin

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Vanguardia ya koma gida a 2016 ya karɓi ragamar ƙungiyar Phoenix a gasar ƙwararru ta Filifin, Wright ma ya bi shi can. Brickman ya koma Mono Vampire ta Tailan, har ya kai ta wasan ƙarshe na ABL a 2018. Ƙungiyar da ta ɗaga kofi a Maris ba ita ce ta dawo fili a kaka ta gaba ba, sunan da rigar ne kawai suka rage, tare da 'yan wasan gida.

A daidai wannan lokaci gasar ta ƙara zafi. A kakar 2016-17 an shigo da ƙungiyoyi daga Hong Kong da Taiwan, kuma Eastern ta Hong Kong ce ta lashe kofin a shekararta ta farko. Dragons ta gaza shiga cikin huɗu na sama a gasar mai ƙungiyoyi shida. A kaka ta gaba ma ba ta samu gurbi ba. A ta 2018-19, ƙungiyoyi takwas cikin 10 ne suka wuce zuwa zagayen fitar da gwani, Dragons na cikin biyun da aka bari a baya.

Shan kashin nan bai jawo mata komai ba ta fuskar sabbin 'yan wasa, tunda babu zaɓen shekara-shekara irin na NBA da zai ba ta fifiko. Baƙin da ake ɗaukowa yawanci kwantiragin kaka ɗaya suke sa wa hannu. Wanda ya haskaka a cikinsu, gasa mai kuɗi ce ke ɗauke shi, kamar yadda ya faru da Moala Tautuaa, wanda ya buga wa Dragons kafin a zaɓe shi a matsayi na farko a gasar Filifin a 2015. Wanda bai taɓuka komai ba kuma a sallame shi tun kaka ba ta ƙare ba.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna girman matsalar. Wasa a dokokin hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, minti 40 ne. Idan aka ninka da 'yan wasa biyar, ana da minti 200 da koci zai raba wa 'yan wasansa. A misali, idan baƙi huɗu suka buga minti 35 kowannensu, sun cinye 140, saura 60 kacal ga dukkan 'yan gida. Ƙungiyar da ke haka tana iya cin kofi, amma ranar da baƙin suka tafi, waɗanda suka rage ba su saba da ɗaukar nauyin wasa a mintunan ƙarshe ba.

Duk da haka shekarun ba su tafi a banza ba. Matasan Malesiya irin su Wong Yi Hou da Ting Chun Hong sun goge a rigar Dragons, suka zama ginshiƙan tawagar ƙasar.

Idan gasar kanta ta tsaya

Akwai haɗarin da mai goyon bayan ƙungiyar NBA bai cika tunaninsa ba, wato a wayi gari babu gasar da za a buga. A watan Maris na 2020 annobar korona ta dakatar da kakar ABL, ba a kuma ƙarasa ta ba. Gasar da ta dogara da zirga-zirga tsakanin ƙasashe ba ta iya motsi alhali iyakoki na rufe. Sai a 2023 aka yi wata taƙaitacciyar kaka, inda NS Matrix ta jihar Negeri Sembilan ta wakilci Malesiya, ba Dragons ba. Kafin ƙarshen wannan shekara, ƙungiyar Slingers ta sanar cewa da wuya a ci gaba da gasar nan kusa.

A cikin gida kuma an ƙaddamar da sabuwar babbar gasar ƙwallon kwando ta Malesiya a 2022, kuma hankalin masu kallo ya karkata gare ta. Mai goyon bayan da ya yi ta hawa jirgi daga Wangsa Maju zuwa zauren MABA yana jiran Dragons ta farfaɗo a ABL, ya ga gasar ta tsaya kafin ginin ya kammala.

Kano Pillars da rikicin hukuma

Wannan labari ba baƙo ba ne ga masu zuwa kallon wasa a rufaffen zauren filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano. Kano Pillars ta ƙwallon kwando, mallakar gwamnatin jihar, ta daɗe tana cikin ƙungiyoyin da suka fi cin kofi a Najeriya. Daga cikin kofunanta na babbar gasar ƙasa akwai na 2013 da 2014 da 2016 da 2017. Ƙarƙashin koci Sani Ahmed, da 'yan wasa irin su Abubakar Usman da Abdul Yahaya, ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka da aka yi a Alƙahira a 2016, wadda Al Ahly ta Masar ta lashe.

Bambancinta da Dragons shi ne, ƙarfin Pillars ya ginu ne a kan 'yan wasan cikin gida da suka daɗe tare. Abin da ya girgiza ta ya fito ne daga sama. A watan Yunin 2017 an gudanar da zaɓen shugabannin hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya har sau biyu, ɗaya a Kano wanda ya bai wa Tijjani Umar nasara, ɗaya a Abuja wanda ya fitar da Musa Kida. Rigimar ta kai ga kotu, ta kuma dagula jadawalin gasar cikin gida na tsawon shekaru. A Janairun 2022 aka sake maimaita zaɓe biyu, a Benin da Abuja. A watan Mayun shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da janye Najeriya daga gasannin duniya na shekara biyu. Ko da yake ta janye matakin a watan Yuni, tawagar mata ta D'Tigress ta riga ta rasa gurbinta a gasar cin kofin duniya, aka maye ta da Mali.

A cikin wannan ruɗani ne aka ƙaddamar da gasar BAL ta Afirka, haɗin gwiwar NBA da FIBA, a Kigali babban birnin Ruwanda cikin watan Mayun 2021, da ƙungiyoyi 12. Najeriya na cikin ƙasashen da aka bai wa zakaransu gurbin kai-tsaye. Rivers Hoopers ta Fatakwal ce ta wakilci ƙasar a 2021 da 2024 da 2025, har ta zo ta uku a 2024, yayin da Kwara Falcons ta je a 2023. Daga 2018 zuwa 2024 kofin ƙasa bai koma Kano ba, don haka Pillars ba ta leƙa ko ɗaya daga cikin kaka biyar na farko na BAL ba.

Abin da ke tattare da wannan ya wuce alfahari. Gurbin BAL yana nufin a nuna ɗan wasa a talabijin a ƙasashe da dama, masu farautar 'yan wasa su gan shi, ya samu kwantiragi a waje. Matashin da ke tasowa a Kano ko Zariya ko Kaduna zai nemi ƙungiyar da za ta kai shi wannan dandali. Duk shekarar da ƙungiya ta yi a waje, jawo irin waɗannan matasa na ƙara yi mata wuya.

Darasi daga ɗan Zariya

Akwai misalin ƙungiyar da ta rasa babban tauraronta jim kaɗan bayan cin kofi amma ba ta durƙushe ba, kuma wanda ya gina ta a Zariya ya tashi. Masai Ujiri ya fara ƙwallon kwando yana matashi a birnin, inda kocin nan ɗan Amurka, Oliver Johnson, ya horar da 'yan wasa masu yawa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri ya karɓi ragamar Toronto Raptors ta Kanada a 2013. A 2018 ya ɗauko Kawhi Leonard, wanda kaka ɗaya ce ta rage a kwantiraginsa. Toronto ta doke Golden State Warriors ta ci kofin NBA a Yunin 2019, Leonard kuma ya tafi bayan 'yan makonni.

A kakar da ta biyo baya Toronto ta ci wasa 53 cikin 72. Waɗanda suka ɗauki nauyin kuwa ba daga sahun farko na zaɓe suka fito ba. Pascal Siakam ɗan Kamaru shi ne na 27 a zaɓen 2016. OG Anunoby, mai tsatson Najeriya, shi ne na 23 a 2017. Fred VanVleet ma babu ƙungiyar da ta zaɓe shi. Siakam da VanVleet sun goge ne a ƙaramar ƙungiyar rainon matasa ta Toronto, wadda ta ci kofin rukuninta a 2017.

Wannan ɓangare na labarin shi ne ƙungiyar da ba ta da gatan zaɓen shekara-shekara za ta iya kwaikwaya, domin ba ya buƙatar a zo na ƙarshe a teburi. Yana buƙatar idon gano yaro mai baiwa, da kocin da zai zauna da shi, da wasannin da zai yi kuskure a cikinsu ya gyara.

Alamomin da za a duba kafin a fara kaka

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ga mai goyon bayan ƙungiyar da ke sake gini a gasa irin ta Malesiya ko ta Najeriya, akwai abubuwan da suka fi yawan nasarori bayyana inda aka dosa.

Na farko shi ne jadawali. Shin an sanar da ranar fara gasa da yawan wasannin da za a buga? Matashi ba ya gogewa a gasar da ake tattarawa a gari ɗaya a gama cikin 'yan kwanaki, kamar yadda aka sha yi a Najeriya a shekarun rikici. Idan gasar ba ta da tabbas, ƙungiyar da ke shirya wa kanta wasannin sada zumunci da shiga ƙananan gasanni ta fi wadda ke zaman jira.

Na biyu shi ne albashi da kwantiragi. Ƙungiyoyin da gwamnatocin jihohi ke ɗaukar nauyinsu sun dogara ne da kasafin kuɗi da kuma ra'ayin wanda ke kan mulki, waɗanda kamfani ke riƙe da su kuma sun dogara da ribar kamfanin da sha'awar mai shi. Ɗan wasan da ba a biya shi a kan kari ba, ko wanda bai san makomarsa bayan wata shida ba, ba zai tsaya a gina ƙungiya a kansa ba.

Na uku shi ne rabon mintuna. Mai kallo zai iya lura da wanda ke cikin fili a rubu'in ƙarshe idan maki ya yi kankankan, da wanda ake miƙa wa ƙwallo a harin ƙarshe. Idan kullum baƙi ne ko tsofaffin da ke dab da ritaya, to kakar ba ta ƙara wa matasan komai ba, ko da an ci wasan.

Na huɗu shi ne tazarar maki. Ƙungiyar da a farkon kaka ake doke ta da maki 20, zuwa ƙarshen kaka ta koma ana doke ta da 4 ko 5, ta ci gaba, ko da teburi bai nuna ba. Haka ma raguwar zubar da ƙwallo ga abokan hamayya da ƙaruwar cin jifan bugun laifi, abubuwa biyu da atisaye ke gyarawa.

Na biyar shi ne koci. Oklahoma ta riƙe nata har ya kai ta ga kofi, Detroit kuwa sai da ta sauya kafin ta miƙe. Tambayar ita ce ko an ɗauko kocin ne domin ya raini matasa, kuma ko an ba shi wa'adin da zai isa a ga aikinsa. Idan aka ce masa ya gina ƙungiya sannan aka kore shi saboda shan kashi uku a jere, maganar sake gini ta zama ta fatar baki.

Na shida shi ne mafarin 'yan wasa. A Malesiya makarantu ne da gasannin jihohi. A arewacin Najeriya akwai makarantun sakandare da jami'o'i da filayen unguwa, da sansanonin horo irin na gidauniyar Giants of Africa da Ujiri ya kafa a 2003. Ƙungiyar da ba ta da alaƙa da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kasuwa za ta koma duk shekara ta sayo na wasu.

Haƙƙin mai goyon baya

Magoya baya su ne ke sayen tikiti da riga, su biya kuɗin mota ko na jirgi, su kuma cika zauren da ke jawo hankalin masu ɗaukar nauyi. A gasar da ba ta da manyan kuɗaɗen talabijin, zauren da ya zama fayau yana iya sa mai ɗaukar nauyi ya janye, janyewarsa kuma ta kashe ƙungiyar. Don haka ƙauracewar magoya baya a lokacin ƙunci tana da illar da ta fi ta Amurka, inda kuɗin talabijin ke shigowa ko an ci ko ba a ci ba.

Wannan ne kuma ya ba su damar tambayar shugabanni abin da aka tsara: shekara nawa ake hasashe, su wane ne matasan da za a gina ƙungiyar a kansu, kuma wa'adin kwantiraginsu zuwa yaushe ne. Neman kofi daga ƙungiyar da ta rasa taurarinta a kakar farko zalunci ne ga matasan da aka bari da aikin. Karɓar kalmar haƙuri shekara bayan shekara ba tare da amsar waɗannan tambayoyi ba kuma sakaci ne.

A ranar buɗe kaka, ko a titin Hang Jebat ko a Ƙofar Mata, abin da ya fi dacewa mai goyon baya ya fara dubawa shi ne jerin sunayen 'yan wasa, ya ƙirga nawa ne daga cikin matasan bara suka dawo, sannan ya zauna ya ga minti nawa za a ba su.